Cajin romin bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai: tambayoyi da amsoshi

Daga tsakiyar 2017 zuwa ƙarshen 2020, mai layin wayar Birtaniya yana iya sauka a Faransa ko Jamus ko Sifaniya, ya kunna wayarsa, ya yi kira, ya hau intanet, ba a ƙara masa ko kwabo a kan abin da ya saba biya ba. Yanzu an daina tabbatar wa kowa wannan. Ɗalibai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Landan, Manchester ko Birmingham suna yawan tambaya a kan abin da ya sauya, da kariyar da ta rage wa mai biyan kuɗi. Ga amsoshin.

Mene ne romin, kuma me ya sa ake biyansa dabam?

Romin shi ne amfani da layinka a ƙasar da kamfaninka ba shi da turakun sabis. Idan ka sauka a Italiya da layin Birtaniya, wayarka za ta kama sabis ɗin wani kamfanin Italiya. Shi ne zai ɗauki kiranka da datarka, sannan ya aika wa kamfaninka lissafi. Ke nan farashi biyu ne a cikin lamarin. Akwai farashin sari, wanda kamfanin Italiya ke karɓa daga kamfaninka, kai ba ka ganinsa. Akwai kuma wanda kamfaninka ke ɗora maka a ƙarshen wata. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane duk sauran bayanin da ke tafe, domin rigimar gaba ɗayanta a kan farashin sari take.

Yaya aka yi romin ya zama babu ƙarin caji a Turai?

Doka ce ta tilasta, kuma sai da aka shekara goma ana matsa wa kamfanoni. A 2007 Tarayyar Turai ta fara ƙayyade kuɗin kira: kada ya wuce santi 49 na yuro a minti ga mai kira, santi 24 ga mai amsawa. A 2009 aka ƙayyade saƙon tes a kan santi 11. A 2010 aka zo da dokar da ta ce a datse wa mutum data idan kuɗin da ya ci a waje ya kai yuro 50 a wata, sai fa in shi ya nemi a bar masa. Haka aka riƙa rage farashin shekara bayan shekara, har ranar 15 ga Yunin 2017 da aka soke ƙarin cajin baki ɗaya a ƙasashen Tarayyar, sannan tsarin ya haɗa da Norway, Iceland da Liechtenstein.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba a iya soke cajin ba sai da aka ɗaure farashin sari. A 2017 an ce kamfani ba zai caji takwaransa na wata ƙasar Tarayyar fiye da yuro 7.70 a kan gigabait ɗaya ba, aka kuma tsara yadda adadin zai riƙa sauka. Sabuwar dokar 2022 ta sauko da shi zuwa yuro 2, da nufin ya kai yuro 1 a 2027. Da yake kowane kamfani ya san iyakar abin da za a nema a wurinsa, sai ya zama yana iya ɗaukar nauyin tafiye-tafiyen masu layinsa ba tare da ya karye ba.

Yaushe Birtaniya ta fita daga wannan tsari?

An kaɗa ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa. Birtaniya ta fice a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020, amma dokokin Tarayyar sun ci gaba da aiki a kanta har ƙarshen wa'adin miƙa ragama, wato 31 ga Disambar 2020. Daga 1 ga Janairun 2021 babu sauran dokar da ta hana kamfanin Birtaniya cajin romin a Turai.

Yarjejeniyar ciniki da ɓangarorin biyu suka cimma ranar 24 ga Disambar 2020 ta taɓo batun, sai dai abin da ta ce bai wuce cewa za su haɗa kai wajen ƙarfafa farashi mai sauƙi kuma bayyananne ba. Ba ta ƙayyade ko sisi ba, ba ta kuma ɗora wa kowane kamfani wani wajibi ba.

Ai an ji kamfanonin sun ce ba za su dawo da cajin ba. Me ya faru?

Sun faɗa. Manyan kamfanonin huɗu na lokacin, EE, O2, Three da Vodafone, duk sun ce ba su da shirin dawo da shi. Sai dai "ba mu da shiri" magana ce ta yau, ba ta ɗaure kowa gobe. Ba a cika wata shida ba, a Yunin 2021, EE ya sanar da cajin fam 2 a rana ga waɗanda suka shiga sabon kwantiragi ko suka sabunta nasu daga 7 ga Yulin 2021. Vodafone ya biyo baya a Agusta da irin wannan fam 2, ga masu kwantiragi daga 11 ga Agusta. Three ya sanar da nasa a Satumba, ga masu kwantiragi daga 1 ga Oktoba, ya fara karɓa a watan Mayun 2022. A cikin manyan, O2 ne ya bar romin na Turai ba ƙarin caji, amma ya sa iyakar gigabait 25 a wata. Ƙananan kamfanoni da ke hayar turakun manyan sun rarrabu, wasu sun bar shi kyauta don jan kasuwa, wasu sun sa kuɗi.

Tun daga lokacin an taɓa farashin fiye da sau ɗaya, wasu wuraren ya haura fam 2, kuma Vodafone da Three sun haɗe sun zama kamfani ɗaya a 2025. Don haka kada ka dogara da adadin da ka ji shekaru biyu da suka wuce. Duba na yau a shafin kamfaninka.

Ni da abokina kamfaninmu ɗaya, shi ba a cajinsa, ni ana caji na. Me ya kawo haka?

Galibi ranar da kowannenku ya sa hannu a kwantiragi ce. A ƙa'idar Ofcom, hukumar da ke sa ido kan sadarwa a Birtaniya, idan kamfani ya sauya sharuɗɗan kwantiragi ta yadda zai cutar da kai, dole ya ba ka sanarwar aƙalla wata guda, kuma ya ba ka damar ficewa ba tara. Kamfanonin ba su so su buɗe wa miliyoyin mutane wannan ƙofa ba, shi ya sa suka ɗora cajin a kan sababbin shiga da masu sabuntawa kawai. Mutum ya je karɓar sabuwar waya yana murna, ya sa hannu, bai lura cewa ya saki tsohon haƙƙinsa na romin ba. Haka akasarin mutane suka rasa shi. Akwai kuma tsare-tsare masu tsada da aka cusa romin a cikin kuɗinsu na wata, to mai irin wannan ba zai ga caji dabam ba, ko da yake yana biya ta wata hanyar.

Gwamnatin Birtaniya ba za ta iya kafa doka ita kaɗai ta hana cajin ba?

Rabin aikin kawai ke hannunta. Majalisar Birtaniya na iya hana EE ko Vodafone ɗora wa mai layi ƙarin kuɗi. Amma ba ta da iko a kan kamfanin Faransa ko na Girka da ke sayar musu da sabis ɗin a sari. Ranar da ƙasar ta fita daga kasuwar bai ɗaya ta Tarayyar Turai, kamfanonin Turai suka daina zama a ƙarƙashin wajibin sayar wa na Birtaniya a ƙayyadadden farashi. Kamar ka ce wa mai shago kada ya ƙara kuɗin buhu, alhali ba ka da ta cewa a kan dilan da ke kawo masa kaya. Wannan ce hujjar da aka bayar ta barin lamarin a hannun kasuwa.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ni a ganina ba ta wanke kamfanonin gaba ɗaya ba. Farashin sari tsakanin manyan kamfanoni ciniki ake yi a kansa, kuma 'yan Turai ma suna shigowa Birtaniya suna hawa turakun waɗannan kamfanoni, ke nan kowa na da abin da zai riƙe ɗan'uwansa da shi. Vodafone kuma yana da rassa nasa na kansa a Jamus da wasu ƙasashen Turai. Sannan ga O2 da wasu ƙanana sun ci gaba da bayar da romin ba ƙarin caji, ba su kuma rufe shago ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, dawo da cajin shawara ce ta kasuwanci da kowane kamfani ya yanke da kansa da zarar doka ta sake shi. Mai layi yana da damar ya riƙe su da wannan, ya kuma koma wurin wanda bai caji.

To wace kariya ce ta rage wa mai layin Birtaniya?

Nan ne labarin ya fi ciwo, domin an yi lokacin da kusan babu komai.

Da farko gwamnati ta kwafo wasu daga cikin kariyar Turai ta saka a dokar gida. Ta ce a datse data idan kuɗin romin ya kai fam 45 a wata, sai in mutum ya amince a ci gaba. Ta ce a turo gargaɗi idan ya cinye kashi 80 cikin ɗari na adadinsa, a sake turowa idan ya kai ɗari. Ta kuma wajabta saƙon da ke faɗa maka farashi da zarar ka shiga wata ƙasa. Sai dai dokar Turai da aka kwafo tana ɗauke da ranar ƙarewa a jikinta, 30 ga Yunin 2022. Tarayyar Turai ta sabunta tata har zuwa 2032. Birtaniya ta bar tata ta mutu. Daga Yulin 2022 duk kamfanin da ya ci gaba da turo gargaɗi ko datse data a fam 45, don ganin damarsa ya yi. Da yawa sun ci gaba, amma mai layi ba shi da dokar da zai kafa hujja da ita.

An shafe fiye da shekara biyu a haka. Ofcom ta yi bincike ta gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu tafiya hutu bai ma san za a iya cajinsa ba. Daga nan ta fito da sababbin ƙa'idoji da suka fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2024. Yanzu dole kamfani ya sanar da kai lokacin da ka fara romin, a Turai ne ko a wani wuri, ya nuna maka inda za ka ga farashi kyauta, da iyakar data ko ta lokaci idan akwai, da yadda za ka sa wa kanka iyakar kashe kuɗi.

A lura da abin da wannan ƙa'ida ta bayar da abin da ba ta bayar ba. Ta ba ka haƙƙin a sanar da kai. Ba ta ƙayyade farashi ba, ba ta kuma dawo da datsewar fam 45 a matsayin dole ba. A da doka ce ke tsaye tsakanin mutum da lissafin da zai gigita shi ko da ya yi sakaci. Yanzu nauyin ya koma wuyan mai waya: shi zai karanta saƙon, ya fahimce shi, ya ɗauki mataki, a daidai lokacin da yake filin jirgi da kaya da yara. Tsofaffi da waɗanda Turancinsu bai nuna ba su suka fi faɗawa wannan rami.

Kariya ɗaya mai amfani da ba ta da alaƙa da Turai tana nan daram. Tun 1 ga Oktoban 2018, dokar Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni su ba mai sabon kwantiragi ko mai sabuntawa damar sa iyaka a kan lissafinsa na wata. Idan ka sa iyakar, kamfani ba shi da ikon cajinka fiye da ita sai da yardarka. Amma kai ne za ka nema. Kuma ka tambaye su ƙarara ko iyakar ta haɗa da kuɗin romin na kullum.

Fam 2 a rana ai ba wani abin tayar da hankali ba ne?

Ga mai tafiyar kwana uku shi kaɗai, gaskiya ba yawa. Amma cajin a kan kowane layi yake. Iyali mai wayoyi huɗu da suka yi mako biyu, fam 112 ke nan a tsohon farashin, kuma kuɗin izini ne kawai na amfani da mintoci da datar da suka riga suka biya. Direban babbar mota da ke tsallakawa Calais ta Faransa duk mako, ko ɗalibin da ke zuwa bincike Jamus na wata biyu, nasu lissafin ya fi haka nesa. Kuma ba sai ka yi kira cajin ranar ke hawa ba. WhatsApp ya karɓi saƙo ɗaya ta data, an ci ranar. Wasu kamfanoni na ƙirga awa 24 daga lokacin da ka fara amfani, wasu kuma suna da nasu lissafin, don haka a tambaya.

Tsarina na data marar iyaka ne. Zan iya amfani da shi haka a Turai?

A'a, kusan ko'ina akwai iyaka ta musamman ga romin. Ko a ƙarƙashin dokar Turai akwai ta, sai dai can doka ce ta tsara yadda ake lissafa mafi ƙarancin abin da za a ba ka. A Birtaniya yanzu kamfani ne ke yanke adadin da ya ga dama. Three, misali, ya rage tasa daga gigabait 20 zuwa 12 a 2021. Idan ka wuce iyakar, ana cajin kowane gigabait da tsada, ko a datse.

Ban fita daga Birtaniya ba amma an caje ni romin. Ta yaya?

Sabis ba ya tsayawa a kan iyaka. Waya tana kama turken da ya fi ƙarfi, ko da a wata ƙasa yake. Inda abin ya fi kamari shi ne Ireland ta Arewa, wani yanki na Birtaniya, wadda ke da iyakar ƙasa ta kusan kilomita 500 da Jamhuriyar Ireland, kuma mutane na tsallakawa kullum don aiki da makaranta da cefane. A gaɓar Kent ta Ingila ma, kusa da Dover, waya kan kamo sabis ɗin Faransa ta tsallaken ruwa. Manyan kamfanonin da suka dawo da caji sun cire Jamhuriyar Ireland daga cikinsa. Ƙa'idar Ofcom ta 2024 kuma ta ce dole kamfanoni su bayyana wa mutane yadda za su kauce wa irin wannan romin na ba da niyya ba, su kuma tanadi hanyar rage asarar masu layi idan ya faru suna cikin ƙasar. Maganin da ke hannunka shi ne ka shiga saitin waya, ka cire zaɓin sabis na kai tsaye, ka zaɓi kamfaninka da hannu.

Haka yake faruwa a waje ma. Mutum yana tsibirin Girka da ke kusa da Turkiyya, wayarsa ta kamo sabis ɗin Turkiyya, wadda a yawancin tsare-tsare tana rukunin da ya fi tsada.

Jirgin ruwa da jirgin sama fa?

A kashe data. Sabis ɗin cikin teku da na cikin jirgin sama ta tauraron ɗan'adam yake bi, ko dokar Turai ba ta taɓa shafarsa ba, kuma yana cikin mafi tsada da ake da su. Kuɗin romin na kullum ba ya ɗaukar nauyinsa.

Idan zan je gida Najeriya ko Nijar, ko zan tafi Umara, da layin Birtaniya, ficewar ta shafe ni?

Ta fuskar farashi ba ta sauya komai ba, domin waɗannan ƙasashe ba su taɓa shiga tsarin Turai ba, kuma romin a cikinsu da tsada yake tun fil azal. Amma ta shafe ka ta wata fuska da mutane ba su cika lura da ita ba. Waccan datsewa ta fam 45 ba a Turai kaɗai take aiki ba, har da sauran duniya. Ita ce ke tare mutumin da ya sauka a Kano ko Jidda ya manta bai kashe data ba, wayarsa ta shiga sauke hotuna da sabunta manhajoji. A wuraren da ake cajin data da fam-fam a kan kowane megabait, mintoci kaɗan sun isa su tara kuɗi mai yawa. Tun da datsewar ta daina zama dole, sai ka tabbatar da kanka cewa kamfaninka na yin ta, ko ka sa taka iyakar.

Ga mai zuwa gida, abin da ya fi sauƙi shi ne ya yi amfani da layin gida, ya bar na Birtaniya a kunne da data a kashe saboda saƙonnin banki. Karɓar tes galibi kyauta ne, amma amsa kira ba kyauta ba ne, har kiran da ya faɗa akwatin saƙon murya wasu kamfanoni na cajinsa.

Ina da layin Faransa ko Jamus. Za a caje ni idan na shigo Birtaniya?

Ya danganta da kamfaninka. Dokar Turai ba ta shafi Birtaniya ba yanzu, don haka wasu kamfanoni sun bar ta a rukunin Turai don raɗin kansu, wasu sun mayar da ita rukunin waje. Abin da suka bari don raɗin kai suna iya janyewa.

Masu tunanin sayen layin wata ƙasar Turai don yawo da shi a sauran, dabara ce mai kyau ga mai doguwar tafiya. Sai dai dokar an yi ta ne don tafiya ta ɗan lokaci. Idan a cikin wata huɗu ka fi zama a waje kuma ka fi amfani da layin a waje, kamfani na iya neman bayani, bayan mako biyu kuma ya fara ƙarin caji. Wasu ma sukan nemi shaidar cewa kana da alaƙa da ƙasar.

Kira daga Landan zuwa Faris shi ma romin ne?

A'a, wannan kiran ƙasa da ƙasa ne, kana gida kana kiran waje. Tun Mayun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kan santi 19 a minti da santi 6 a kan tes tsakanin ƙasashenta. Shi ma Birtaniya ta rasa wannan ƙayyadewa da ta fice.

Akwai alamar tsohon tsarin zai dawo?

Ƙofar ba a rufe take ba, amma sai da yarjejeniya. A 2021 Birtaniya ta sa hannu kan yarjejeniyar ciniki da Norway, Iceland da Liechtenstein, wadda ta buɗe hanyar ƙayyade farashin sari na romin, kuma an aiwatar da hakan da Norway da Iceland. Ko a nan ma sari kawai aka ɗaure, an bar wa kamfanoni su yanke abin da za su nema a wurin mai layi. A ɗaya ɓangaren, Ukraine da Moldova, waɗanda ba mambobin Tarayyar ba ne, sun shiga yankin romin ɗinta daga farkon 2026, bayan sun ɗauki dokokinta na wannan fanni sun mayar da su nasu. Wato ana iya shiga ba tare da zama mamba ba, amma sai an yarda a bi ƙa'idar da aka rubuta a Brussels, hedikwatar Tarayyar, abin da ya kasance ƙashin bayan gardamar ficewar tun farko.

Nijar ma ta fice daga ECOWAS. Akwai kamanceceniya?

Akwai, ko da yake tsarin bai kai na Turai nisa ba. ECOWAS ta amince da ƙa'idar rage tsadar romin tsakanin ƙasashenta a Disambar 2017, amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, har sai da ƙasashe suka koma yin yarjejeniya biyu-biyu, kamar yadda Ghana da Kwaddibuwa suka fara a 2023. Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Kafin nan, a Nuwamban 2024, hukumomin sadarwar ƙasashen uku sun sa hannu a Yamai kan sauƙaƙa romin a tsakaninsu.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne iyakar Najeriya da Nijar, inda zumunci da kasuwa ba su san shinge ba: Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Kamba da Gaya. Matsalar da ake kuka da ita a Ireland ta Arewa, ta waya ta kamo sabis ɗin tsallake, sananniya ce ga mazauna waɗannan garuruwa, kuma shi ya sa da yawa ke yawo da layi biyu. Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna inda ya kamata masu tattaunawa a madadin ƙasashen nan su sa ido: a rubuta farashin sari a cikin yarjejeniya da adadi, a kuma rubuta haƙƙin mazauna bakin iyaka, domin su ne ke biyan kuɗin idan aka bar wurin a buɗe.

Me ya kamata in yi kafin in tashi?

Fara da buɗe manhajar kamfaninka ka ga rukunin da ƙasar da za ka take. Kada ka ɗauka duk abin da ke nahiyar Turai rukuni ɗaya ne, Suwizalan da Turkiyya da Albaniya ba sa cikin Tarayyar, kowane kamfani da inda ya ajiye su. Sa iyakar kashe kuɗi tun kana gida. Idan tafiyar ta wuce 'yan kwanaki, kwatanta kuɗin kullum da na ƙunshin mako ko na wata, sannan ka kwatanta su da sim na ƙasar ko sim na cikin waya da ake saukewa ta intanet. Tun Disambar 2021 an hana kamfanonin Birtaniya sayar da waya a kulle, don haka sabuwar waya za ta karɓi kowane layi. Sauke taswira da tikiti tun kana kan waifai.

Idan kuwa kai mai yawan tafiya ne kuma kwantiraginka ya ƙare, sauya kamfani ba wuya. Tura saƙon tes mai kalmar PAC zuwa 65075, za a turo maka lambar da za ka ba sabon kamfani, ka tafi da lambar wayarka. Ko babu romin a layinka, lambar gaggawa 112 kyauta ce a duk ƙasashen Tarayyar Turai.

An riga an caje ni kuɗin da ban yarda da su ba. Ina zan kai ƙara?

Wurin kamfanin za ka fara, kuma a rubuce, kana mai cewa ƙorafi ne a hukumance. Faɗi ranar da ka shiga ƙasar, ko an turo maka saƙon sanarwa ko ba a turo ba, da ko ka sa iyakar kashe kuɗi. Idan ba a turo sanarwar ba, ko an wuce iyakar da ka sa ba da yardarka ba, hujjarka tana da ƙarfi, domin ƙa'ida aka karya. Idan romin na ba da niyya ba ne, nuna shaidar inda kake a ranar, ko rasit ne ko tikitin mota.

Idan sun ƙi, nemi takardar da ke cewa sun kai ƙarshen abin da za su yi. Da ita, ko kuma bayan wa'adin makonnin da Ofcom ta gindaya ya cika ba a warware ba, kana iya kai maganar gaban mai sasanci mai zaman kansa. Biyu ne Ofcom ta amince da su, Communications Ombudsman da CISAS, kuma kowane kamfani dole yana ƙarƙashin ɗaya. Ba a biyan ko sisi, kuma idan ka karɓi hukuncin da suka yanke, dole kamfanin ya bi. Ita Ofcom ba ta shiga rigimar mutum ɗaya, amma tana tattara ƙorafe-ƙorafe, da su take gane kamfanin da ya kamata ta bincika, don haka sanar da ita ba ɓata lokaci ba ne. A duk tsawon wannan, ci gaba da biyan ɓangaren lissafin da ba ka jayayya a kansa, don kada a rubuta maka bashi a tarihin kuɗinka, kuma kada ka goge saƙonnin da kamfanin ya turo maka lokacin tafiyar.